Ga Kogi, Ga Kwanan Ƙishirwa

  

Yau zancen ruwa za mu yi, kuma wata 'yar ajina ce ta jawo shi. Wata ranar Litinin cikin bazarar da ta wuce, na gama kiran suna har mun yi nisa cikin darasin lissafi, sai ga ta ta sulalo aji, gefen hijabinta jiƙe sharkaf. Karo na uku ke nan cikin mako biyu. Na ɗauko bulala na ce ta faɗa mini dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, rijiyarmu ce ta ƙafe. Tun da aka idar da sallar asuba nake layi a gidan mai burtsatse, da aka kusa zuwa kaina sai aka ɗauke wuta." Na mayar da bulalar na ajiye. Na juya ga sauran na ce duk wadda ta ɗebo ruwa yau kafin ta zo makaranta ta ɗaga hannu. 'Yan'uwa, hannuwan da suka tashi sun fi waɗanda ba su tashi ba yawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga Unguwar Mu'azu inda muke zuwa bakin Kogin Kaduna ba wata tafiya ba ce. Kogin nan tun daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garinmu ya raba shi biyu, ya wuce Shiroro a sami wutar lantarki da shi, sa'an nan ya je ya faɗa Kogin Kwara. Sunan garin ma daga kadojin cikinsa aka samo shi. To, yaya za a yi yarinyar da aka haifa a gefen irin wannan kogi ta rasa darasi saboda bokiti ɗaya? Hausawa kan ce ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mu namu ga kogi ne ga kwanan ƙishirwa.

Sama ba ta yi mana rowa ba

Idan ana zancen ƙarancin ruwa, abin da yawancinmu kan ce shi ne zamani ya canja, hamada ta matso, ruwan sama ya ragu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin zafi ya ƙaru, damina kuma ta rikice, wani lokaci ta makara, wani lokaci ta zubo da na mako guda cikin dare ɗaya. Amma fa mu tuna Kaduna ba Nguru ba ce, ba kuma Illela ba. A shekara mukan sami ruwan sama fiye da milimita 1,000, tun daga wajen Afrilu ko Mayu har zuwa Oktoba. Ko da aka zana jihohi 11 na bakin hamada da za a yi wa babbar katangar itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, an sa Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da sauransu, ba a sa Kaduna ba.

Ruwan ma yakan yi mana yawa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ba su manta yadda kogin ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane ba, aka kwana a makarantu da masallatai da coci-coci. Watau garin da ke kukan ambaliya a watan Satumba shi ne ke kukan ƙishirwa a watan Maris. Ashe ke nan ruwa yana zuwa, riƙe shi ne muka kasa. Abu uku ne kuma suka haɗu suka jawo haka: yawanmu, da ƙasar da muka rufe, da itatuwan da muka ƙone.

Mutane sun ninka, famfo yana nan inda yake

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Zariya. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Gari ne na sojoji da ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa, kuma daidai su aka shirya masa ruwa. Daga baya masana'antu suka zo. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Kowane ɗayansu ya jawo dubban magidanta daga ƙauyuka da sauran larduna. A ƙidayar 1963 mutanen garin Kaduna kusan 150,000 ne. Da aka yi ƙidayar 2006, ƙaramar hukumarmu ta Kaduna ta Kudu ita kaɗai ta haura 400,000. Yau kuwa birnin ya zarce mutum miliyan ɗaya, kuma tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Uwargida, ke kin san wuyar dafa abinci ba tare da sanin bakin da za su ci ba.

Masaƙun yawancinsu sun rufe, amma mutane ba su koma inda suka fito ba, sai ma ƙaruwa. Rikice-rikicen 2000 da na 2002, Allah kada ya maimaita mana, sun sa kowa ya nemi inda zai kwana da ido biyu rufe, unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada da tamu suka cika suka batse. Sa'an nan ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Igabi. Waɗannan ba za a ce da su don me suka zo ba. Gidan da aka gina domin iyali ɗaya, yau iyali biyar ne a ciki, rijiya ɗaya, masai ɗaya.

Ga kuma haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna mace a Nijeriya takan haifi 'ya'ya biyar da ɗoriya, a yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa shida da ɗoriya. Haihuwa arziki ce, babu mai musu. Amma kowane jariri da aka raɗa wa suna yana zuwa da wankinsa da wankansa, ga ruwan zafin jego na kwana arba'in. Wannan lissafi mu mata muka fi kowa saninsa.

To, ina ruwan famfo? Gidajen tace ruwa biyu ne manya ke ɗauke da birnin, na Malali da na Kaduna ta Kudu, duka kuma daga kogin suke ja. A shekarun 1970 aka gina madatsar Kangimi domin a riƙa sako ruwa cikin kogin idan rani ya tsananta. Waɗanda suka yi wannan tanadi sun yi hangen nesa daidai zamaninsu. Amma injin tura ruwa ba ya aiki sai da wuta, bututun da aka binne tun iyayenmu suna 'yan mata sun tsufa suna yoyo, wasu an fasa su wajen aikin hanya, sababbin unguwanni kuwa an gina su ba a kai musu bututun ba ko kaɗan. Da ruwa ya daina zuwa sai mutane suka daina biya, da aka daina biya sai kuɗin gyara ya gagara. Kowane ɓangare yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, famfon tsakar gida kuwa ya zama wurin rataya tsumma.

Rijiya asusu ce

Da famfo ya yi shiru sai kowa ya koma haƙa. Mai ƙaramin ƙarfi ya haƙa rijiya, mai hali ya kira masu injin su huda masa burtsatse. A nan akwai abin da ya kamata 'yan makaranta su riƙe, domin yana cikin darasin labarin ƙasa. Ƙarƙashin Kaduna dutse ne mai tauri. Babu wani kogi ko tafki da ke kwance a can ƙasa yana jiranmu. Ruwan da muke ja da guga yana maƙale ne cikin rubabben dutse da marmara da ke sama-sama, da cikin tsagogin dutsen. Kuma ba daga ko'ina yake zuwa ba sai daga ruwan saman da ya samu ya nutse cikin ƙasa da damina.

Watau rijiya asusu ce. Abin da aka jefa da damina shi ake fasawa da rani. To, dubi yadda muka yi da bakin asusun. A da, bayan gidaje akwai fili, akwai fadama, akwai lambu, tsakar gida kuma ƙasa ce. Yanzu fadamar an cike ta an yanka fuloti, tsakar gida an malale ta da siminti har bakin ƙofa don gudun taɓo, rufi ya haɗe da rufi. Ruwa ya sauko daga kwano, ya bi indararo, ya faɗa kwata, ya wuce kogi da gudu, bai sami inda zai tsaya ya nutse ba. Shi ne ambaliyar Satumba. Sa'an nan a layi ɗaya sai ki ƙirga burtsatse biyar ko shida, kowace tana zuƙa daga ƙwarya guda. Mai zurfi ta shanye ta maƙwabcinsa, rijiyar talaka ita ce ta fara ƙafewa. Shi ne ƙishirwar Maris. Masu jefawa sun ragu, masu fasawa sun ƙaru.

Gawayin murhunmu

Yanzu bari mu zo kan wanda ya fi shafarmu, ko da yake ba shi da daɗin ji. Tambayi duk wata tsohuwa da ta zo Kaduna da aure shekaru hamsin da suka wuce, za ta ba ki labarin inuwar maɗaci da darbejiya da mangwaro a bakin tituna, da dajin da ke farawa da zarar an fita gari. Dajin Afaka da ke wajen Mando, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, gine-gine da gonaki da masu sara sun ci gefensa. Faɗaɗa titunan da aka shiga yi daga 2019 ya kawo sauƙin zirga-zirga, amma ya tafi da manyan itatuwa da dama, kuma dashen da aka maye gurbinsu da shi sai ya shekara ashirin kafin ya yi inuwar kirki.

Amma babban mai cin daji yana cikin madafinmu. Duk wadda ta bi hanyar Abuja ko ta Kachiya ta ga buhunan gawayi jere a bakin titi, ta ga manyan motoci shaƙe da su. Gawayin nan ƙirya ce, da marke, da kaɗanya, da ɗorawa, itatuwan da kan yi shekaru da yawa kafin su girma. Kuma sai an ƙone itace mai yawa kafin a sami buhu ɗaya, domin yawancinsa hayaƙi yake zama tun a daji. Kaɗanyar da aka ƙone ta tafi da man kaɗe, ɗorawar ta tafi da daddawar miyarmu.

Mece ce haɗin bishiya da rijiya? Ganyenta yana tare ƙarfin ruwan sama kada ya daki ƙasa ya tafi da ita. Busasshen ganyen da ya zuba yana riƙe laima. Saiwarta tana buɗe wa ruwa hanyar nutsewa, inuwarta kuma tana hana rana ƙone ƙasa. Idan aka sare, ruwa ya kwashi ƙasar ya zuba a rafi, rafi ya kai kogi, kogi ya cika da yashi da laka. Da damina ya yi ja wur, tace shi ya yi tsada, da rani kuma ya janye da wuri.

Ban faɗi wannan don in ɗora wa uwargida laifi ba. An janye tallafin kananzir a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. Aka ce mu koma iskar gas, muka koma, sai ga kilo ɗaya ya haura naira 1,000 a 2024. Matar da aka bar wa kuɗin cefane ƙididdigagge, ga yara suna kuka, ba za ta dafa tuwo da wa'azi ba. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: hannun da ke hura gawayi da safe shi ne ke jan guga ya fito da laka da yamma.

Wa ke biyan bashin?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum ɗaya yana bukatar wajen lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Gidan mutum goma ke nan lita 500, watau jarka 20 mai cin lita 25. A ce jarka naira 100 ce, kin ga naira 2,000 a rana, naira 60,000 a wata. Magidanci nawa ne zai iya? Shi ya sa ba a sayen ashirin ɗin. Ana sayen biyar ko shida, sauran kuma a cike da dabarar uwargida da wuyan 'ya'yanta mata.

Kada kuma mu huce a kan 'yan garuwa. Mutumin da ke tura kura cike da jarkoki cikin ranar Afrilu ba shi ya sa kuɗin ba. Shi ma saye yake a wurin mai burtsatse, mai burtsatse kuma da janareta yake ja idan babu wuta, man fetur kuwa tun da aka cire tallafinsa a watan Mayu na 2023 kowa ya san inda ya kai.

Bashin da ya fi ciwo shi ne wanda ba a biya da kuɗi. Yarinyar da ta makara sau uku a mako, a ƙarshen zango ita ce a ƙasan aji, daga nan a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, gara a yi mata aure. Budurwar da ke fita neman ruwa da duhun asuba, Allah kaɗai ke tsare ta. Wadda ta fara ganin al'ada, in babu ruwa a bayin makaranta, sai ta zauna gida kwana huɗu ko biyar kowane wata. Sa'an nan ga cuta. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma a gidajenmu na haya wani wurin taku biyar ne. Idan rijiya ta ja baya, abin da ya rage a gindinta ne ake sha. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, mafi yawansu a Arewa. Rigakafi dai ya fi magani.

Abin da ke hannunmu

Na farko, mu tari ruwan sama da gaske, ba da roba ɗaya da baho ba. Ga lissafi, 'yan makaranta ku gwada a allo. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a shekarar da aka sami milimita 1,000, ya zubar da lita 100,000, watau jarka 4,000. Duk wannan yana bin kwata muna kallo. Ba mai tankin da zai ɗauke shi duka, amma adashi ɗaya ya isa a sayi tanki da indararo. A bar ruwan farko ya wanke rufin, a rufe tankin saboda sauro, na sha kuma a tafasa.

Na biyu, idan maigida ya tashi simintin tsakar gida, ki roƙe shi ya bar wani gefe ƙasa, ko a haƙa rami a cika da tsakuwa, nesa da masai, inda ruwan rufi zai riƙa nutsewa. Jefawa ce a asusu.

Na uku, a gefen nan ki dasa wani abu. Zogale ba ya cin wuri, ga miya ga kwaɗo. Gwaiba da lemo da gwanda duk suna yi. Ruwan alwala da na ɗaurayar shinkafa ya ishe su. Amma kada a dasa itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, kusa da rijiya, domin shi mashayin ruwa ne. Malamanmu sun sha gaya mana dashen itace sadaka ce mai gudana, kuma ɓarnar ruwa abin ƙi ce ko da wajen alwala.

Na huɗu, mu rage cin gawayi. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kare murhu daga iska, a kashe garwashin da ya rage a adana. Wadda ta sami murhu mai tsimin gawayi ta saya, zai mayar mata da kuɗinta.

Na biyar, zancen tazarar haihuwa, wanda ba na tsakar gida ba ne, na ɗaki ne tsakaninki da maigida. Shayarwa shekara biyu ba baƙon abu ba ce a addininmu da al'adarmu, kuma kowa ya san abin da ake ce wa kwanika. Ku je asibiti tare ku ji shawara.

Kada wata ta ce me dashena ɗaya zai yi. A Kenya wata mata, Wangari Maathai, ta tara matan ƙauye a 1977 suka fara dashe saboda rafukansu sun ƙafe, itacen girki ya yi nisa. Sun dasa miliyoyi, har aka ba ta lambar Nobel a 2004. Kusa da mu ma, a ƙasar Maraɗi da Damagaram, bayan farin shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suka riƙa yi masa aski suna rainonsa. Yau ana lissafin itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Su da ruwan samansu bai kai namu ba ke nan.

Abin da ya fi ƙarfinmu

Amma fa kada a bar mu da tanki da zogale a ce an gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gyaran gidajen ruwa da ba su wuta tsayayya, da sauya tsofaffin bututu, da kai su unguwannin da ba su da shi, da sa ido kan haƙar burtsatse barkatai, da hana gini a fadama, da tsare abin da ya rage na daji, da sauƙaƙa kuɗin gas, duk aikin hukuma ne. Mu kuma idan ruwan ya zo mu biya, mu kai rahoton bututun da ya fashe maimakon mu tara robobi a kansa.

Mata ne ke cika layin zaɓe tun da sassafe, kamar yadda muke cika layin ruwa. Idan masu neman ƙuri'a suka shigo da atamfa da sabulu, mu tambaye su da wane ruwa za a wanke atamfar. A makarantun Islamiyya, da taron iyaye da malamai, da wurin adashi, mu haɗa baki mu aika wa mai unguwa da kansila a rubuce. Ku kuma iyaye, in dole ne a ɗebo ruwa da safe, a raba aikin har da 'ya'ya maza, kada kullum ya zama karatun mace ne ake zubarwa a jarka.

Ita dai 'yar ajin nawa, mun yi magana da mahaifiyarta, yanzu da yamma suke tara na safe, yayanta namiji kuma yana taimakawa. Makararta ta ragu. Rijiyarsu kuwa sai da aka yi ruwa uku kafin ta kawo.

'Yan'uwa, ku rubuto mana yadda kuke fama a unguwanninku, da dabarun da kuka gwada suka yi amfani, domin wata ta ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu ikon riƙe ta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.